Injinan iska na Zaanse Schans, a idon mai matsar man gyaɗa

Idan abin da zai kai ka Zaanse Schans, unguwar tsofaffin injinan iska da ke kusa da Amsterdam a ƙasar Holan, shi ne ka tsaya a gaban injin iska a ɗauke ka hoto, to ka riƙe kuɗin jirginka, hotunan sun cika intanet kuma sun fi wanda za ka ɗauka kyau. Wurin nan sai an biya an shiga cikin injinan ake sanin abin da aka zo gani. Ni sana'ata matsar man gyaɗa ce, ina da ɗan ƙaramin inji a Kano, kuma bikin gama karatun 'yata a Wageningen ne ya kai ni ƙasar Holan. Ita ta matsa sai mun je. Ta ce, "Baba, akwai abokan sana'arka a can, sai dai su ba sa sayen gas."

Zuwa ba wuya. Daga babbar tashar Amsterdam jirgin ƙasa bai kai minti 20 ba zuwa tashar Zaandijk Zaanse Schans, daga nan a taka da ƙafa kamar kwata. Akwai bas mai lamba 391 ga wanda ba ya son tafiyar ƙafa, amma ni na fi son takawar. Kana fitowa daga tasha ƙanshin cakulan zai tare ka, domin masana'antun sarrafa koko suna nan a unguwar har yau. Kafin ka hau gada za ka wuce wani injin niƙa gari na shekarar 1656, sannan daga kan gadar ka hango sauran a jere a bakin kogin Zaan.

Ya kamata mutum ya san cewa wannan unguwa harhaɗa ta aka yi. Tsakanin 1961 da 1974 aka riƙa ɗauko tsofaffin gidajen katako da injina daga sassan yankin, wasu a bayan manyan motoci wasu a kan ruwa, ana sauke su a nan don kada ginin zamani ya cinye su. Wasu baƙi idan suka ji haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, wai ashe ba asali ba ne. Ni ban ga abin damuwa ba. A ƙarni na 18 injinan iska kusan 600 ke aiki lokaci guda a wannan yanki, suna yanka katako, suna matsar mai, suna yin takarda da fenti, suna niƙa kayan yaji. Da injin tururi ya zo sai aka shiga rushe su, wasu kuma gobara ta ci. Wani malamin makaranta mai zane, Frans Mars, shi ya kafa ƙungiyar De Zaansche Molen a 1925 don a ceci abin da ya saura, kuma ƙungiyar ce ke riƙe da yawancin injinan da ake shiga a yau. Da ba a kwaso su ba, da yanzu sai dai labari.

Wanda na fi daɗewa a ciki shi ne De Zoeker, injin matsar mai na shekarar 1672, wanda aka dawo da shi nan a 1968. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini gyaɗa ake yi. Ƙanshin nan na gyaɗa mai ɗumi da ke kama riga, wanda in ka dawo gida uwargida ta san daga inda kake. Ciki da duhu-duhu, katako ko'ina ya sha mai ya yi baƙi yana sheƙi, ƙasa kuma tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka.

Abin da ido ke fara kamawa duwatsu ne guda biyu, manya, masu faɗin da ya kusa tsayin mutum. Ba a kwance suke ba irin dutsen niƙa da muka sani. A tsaye suke a kan gefensu, suna gangarawa suna zagaya wani dutse na uku da ke kwance, suna murƙushe gyaɗar da nauyinsu. Ba a tazara ɗaya suke daga tsakiya ba, ɗaya ya fi kusa da turken, don kowanne ya taka layinsa. A bayansu akwai katakai masu lanƙwasa da ke bin su suna sharo abin da ya fantsama suna mayar da shi ƙarƙashin dutse. Na tsaya ina kallon waɗannan katakai fiye da duwatsun, domin a wurina yaro nake biya ya yi wannan aikin da hannu.

Idan gari ya yi laushi sai a kwashe a zuba a kan wani faranti na ƙarfe da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Wani ƙarfe yana juya garin a hankali don kada ya ƙone, shi ma iskar ce ke juya shi. Mai injin ya sa hannu ya damƙi garin ya murza, bai duba wani ma'aunin zafi ba, ya ja farantin garin ya zube ta mazurari cikin jakunkuna dogaye. Kowace jaka ya daidaita ta da tafin hannu, ya naɗe ta cikin wata tabarma mai kauri, ya zura a ramin wani gungumen itace da ya kwanta a ƙasa. Tsakanin jakunkunan akwai weji na katako, wato guntun itace mai siririn baki da kauri a sama. Ya saki wata igiya.

Nan ne hayaniya ta tashi. A sama akwai wata doguwar sanda mai kauri da ke juyawa, an kafa mata hannuwa. Hannu ya ɗaga wata babbar taɓarya ya sake ta, ta faɗo kan wejin, ya sake ɗagawa ya saki. Kowane bugu wejin ya ƙara nitsewa, jakunkunan su ƙara matsuwa, mai ya fara tsiyaya ta ƙasa cikin kwano. Bugun yana shiga har cikin haƙori. 'Yata ta toshe kunne. An san masu wannan sana'a a da da kurumcewa kafin su tsufa, kuma duk wanda ya tsaya minti biyar a wurin ba zai tambayi dalili ba. Da matsar ta kai, sai ya tsayar da wannan taɓaryar ya saki ta kusa da ita, wadda ke bugun wani weji da aka kafa a juye. Bugu kaɗan komai ya saki, ya zaro jakunkunan, ya tuɓe su, ga abin da ya rage ya zama fale-falen allo mai tauri.

Ba a nan ake tsayawa ba. Allunan nan ana jefa su a wasu turame, taɓare su farfasa su, a sake ɗumamawa, a sake matsa a karo na biyu da ƙarfin da ya fi na farko. Har wata 'yar ƙararrawa aka haɗa da giyar inji, wato ƙafa mai haƙora, mai ƙirga bugu, in adadin ya cika ta kaɗa. Abin da ya saura bayan matsa ta biyu abincin shanu ne.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ƙuli-ƙuli zai gane aikin nan daga farko har ƙarshe. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, haka take yi: a soya, a niƙa, a zuba ruwan zafi a juya da muciya har mai ya taso, a matse tunkuza. Zafi ne ke sakin mai, matsa ce ke fitar da shi, ko a Fagge ko a bakin Zaan. Bambancin kawai su sun ɗora wa iska aikin da ke karya ƙugun mata, mu kuma mun fi su sanin darajar abin da ya rage, tunda mu soyawa muke mu ci, mu daka a yaji, su kuma saniya suke bai wa. Na sa 'yata ta faɗa wa mai injin haka. Ya yi dariya ya gutsuro ɗan allon ya miƙo mini in ɗanɗana. Ba gishiri, ba a soya ba, amma gyaɗa ce.

A matsayina na mai sana'a ba zan yaudari kowa ba: abin da injina mai sukurin ƙarfe ke matsewa kafin azahar, wannan ba zai yi shi a yini ba, kuma ranar da iska ta kwanta ko cokali ɗaya ba zai fitar ba. Ba don riba ake juya shi ba. Amma abin da ya hana ni fita da wuri shi ne giyoyinsa. Na hau bene na ga ƙafafun giya na katako, wasu sun fi ni tsayi, haƙoransu ma na katako ne, kowane haƙori an sassaƙa shi daban an cusa a raminsa an ɗaure. In ɗaya ya karye shi kaɗai za a zare a sa wani. Ni giya ɗaya in ta ci haƙori sai na rufe wurin aiki ina yawo tsakanin 'yan gwangwan da masu walda, ko in jira a kawo daga waje. Kakin zuma ake shafa wa haƙoran, shi ya sa suke shiga juna ba ƙara sai wani ɗan gurnani. Wuyan babban shaf ɗin da ke ɗauke da fukafukai, can a ƙololuwa, a al'adarsu kitsen alade ake sa masa a maimakon giris. Na faɗa ne don kada wani ya ji daga baya ya ce an ɓoye masa. Wurin yana can sama, benaye ne tsakaninsa da inda ake matsar mai.

A waje akwai baranda ta katako da ta kewaye injin, daga nan ake sarrafa shi. Kan injin gaba ɗaya, da fukafukansa, juyawa yake. In iska ta sauya fuska sai mai injin ya kama wata ƙafa mai kama da sitiyarin jirgin ruwa, ya ɗaura sarƙa a barandar ya murɗa, kan ya juyo a hankali har fukafukai su fuskanci iska. Fukafukan kansu saƙar katako ce mai ramuka. In iska ba ƙarfi sai a tsayar da su ɗaya bayan ɗaya a shimfiɗa tamfol a kai, in ta yi ƙarfi a naɗe rabi ko a cire duka. Birkin wasu guma-guman katako ne da ke rungume babbar giyar sama, da igiya ake sakinsu daga baranda. In aka bari inji ya ɗauki gudu fiye da kima aka danna birki, katako na gugar katako, ga jinkar ciyawa a jiki, wuta ce za ta tashi. Shi ya sa na lura mutumin ko yana magana da mu idonsa na zuwa sararin sama.

Wannan ne ya kai mu hira kan yadda ake koyon aikin. Ƙasar tana da injinan iska da na ruwa kusan 1,200 da suka rage, daga wajen 10,000 a ƙarni na 19. Na ruwan sun fi yawa a gabas da kudu, wajen Twente da Veluwe da Limburg inda ƙasa ke da ɗan gangare. Ƙungiyar De Hollandsche Molen tun 1923 take fafutukar kare su, amma sai aka gane gini kaɗai ba ya isa. Injin da ba a juyawa ruɓewa yake, ƙwaro ya shiga katako, shaf ya lanƙwashe ta gefe guda. Saboda haka a 1972 aka kafa ƙungiyar masu aikin inji na sa-kai. Mutum na da aikinsa na ofis ko ya yi ritaya, sai ya ɗauki ranakun Asabar yana bin wani gwani, aƙalla awa 150 a kan inji, cikin sanyi da zafi, sannan ya zauna jarrabawa, har da ta sanin gajimare da alamun hadari. A 2017 UNESCO ta sa wannan sana'a, ta masu injin iska da na ruwa, a jerin al'adun duniya da ake gada. Sana'ar aka sa, wato abin da ke kan mutum da hannunsa. Ina jin wannan sai marinar Ƙofar Mata ta faɗo mini a rai, inda ramuka ke nan amma masu shiga aikin ke raguwa.

Na biyu da ya cancanci kuɗinsa shi ne Het Jonge Schaap, injin yanka katako. Wannan sabo ne fil, a 2007 aka gama shi. Na asalin an gina shi a 1680 aka rushe a 1942, amma kafin a rushe wani mai suna Anton Sipman ya auna shi ya zana komai dalla-dalla, kuma da zanensa aka sake gina wannan. Ga amfanin mutumin da ya zauna da ma'auni da fensir lokacin da kowa ke ganin abin ya zama tarkace. A ƙasa ana nuna ɗan gajeren fim na yadda aka yi ginin, ya kamata a kalla kafin a hau. Gungumen itace a ruwa ake jiƙa su, injin da kansa ke jawo su sama da sarƙa. Zartuna a jere suke cikin firam, karanshaf, wato sanda mai gwiwa da ke mayar da juyi ya zama hawa da sauka, yana ɗaga su yana saukewa, kuma duk hawa ɗaya wata ƙugiya ta ja wata ƙafa mai haƙora ta tura gungumen gaba ɗan kaɗan, abin da ido da ƙyar yake gani. Dabarar ta Cornelis Corneliszoon ce, mutumin Uitgeest, wanda ya haɗa karanshaf da injin iska wajen 1594. Katakon da irin waɗannan injina suka yanka shi ya gina jiragen ruwan Holan, har Sarkin Rasha Peter ya zo Zaandam, garin da ke nan kusa, a 1697 don ya koyi sassaƙar jirgi. Duk bakanike ko kafinta da ya shigo nan sai an ja shi zai fita.

De Kat, mai niƙa alli da launukan fenti, shi ya fi cika da mutane don barandarsa ta fi daɗin hoto. Duwatsun irin na De Zoeker ne, sai dai farin gari ke tashi. Masu zane da masu gyaran tsofaffin gine-gine na sayen launukansa. Na shiga, na hau, na sauko. Ga wanda ya riga ya ga na mai, ba sabon abu da yawa.

Yanzu abin da bai yi mini ba. Jama'a. Baƙi wajen miliyan 2.6 ne suka zo a 2024, a unguwar da mazaunanta ba su wuce ɗari ba. Daga hantsi manyan motocin yawon buɗe ido ke fara sauke mutane, hanyar kuma siririya ce, ga masu keke da ba sa rage gudu don kowa. Na ga wata mata ta tura ƙofar shingen wani gida ta shiga tsakar lambun mutane tana ɗaukar hoto, alhali ga mai gidan a taga. Mun haɗu da wasu 'yan Najeriya da suka biya wani kamfani kuɗi mai kauri don yawon yini guda. An kai su wurin sassaƙa takalmin katako, an kai su ɗanɗanon cuku, inda duk ƙofar fita ta cikin kanti take bi, sannan aka ce saura minti ashirin mota ta tashi. Ko inji ɗaya ba su shiga ba. Na tausaya musu, domin abin da suka biya ya ninka namu sau da yawa. A wani kantin tsaraba kuma na juya wani ɗan injin iska na ado na ga ba ma a ƙasar aka yi shi ba, farashinsa kuwa ya fi kuɗin shiga inji na gaske.

Kuɗin shiga kowane inji 'yan Yuro ne, bai kai goma ba, akwai kuma tikitin haɗaka da ke haɗa injina da gidajen tarihi. A tafi da katin banki, can ba a cika son tsabar kuɗi ba. A 2025 majalisar Zaanstad, ƙaramar hukumar da unguwar ke ciki, ta fito da shirin karɓar Yuro 17.50 daga kowane baƙo kafin ya shiga unguwar, masu kantuna suka yi ta ƙorafi. Sai a duba halin da ake ciki kafin a kama hanya. Ni dai in kuɗin jinka da katako da albashin masu inji zai tafi, ban ga laifinsa ba, domin mafi yawan masu zuwa hoto suke ɗauka su tafi ba su ajiye ko sisi ba.

Abinci a wurin da tsada, kuma irin fanken da suke yi mai faɗi sau da yawa da naman alade ake haɗa shi, sai an tambaya. Mu guzuri muka riƙo. Sallah kuma mun yi ta a Zaandam, tasha biyu a jirgi sannan ɗan tafiya, inda Turkawa ke da babban masallacin Sultan Ahmet.

Ba kowane inji ke buɗe kullum ba, musamman lokacin sanyi, don haka a duba ranakun De Zoeker tun daga gida, a kuma duba hasashen iska, a zaɓi ranar da za ta kaɗa sosai ko da da yayyafi. Wanda tafiyarsa ta dace da Asabar ta biyu a watan Mayu ya yi sa'a, ranar injina ce ta ƙasa, ɗaruruwansu ake buɗewa a ko'ina. A isa da sassafe kafin motoci su fara zuwa. Matakalan ciki kusan a tsaye suke, da baya ake saukowa, mai ciwon gwiwa ya tsaya a ƙasa, kuma a De Zoeker yawancin aikin a ƙasan ake yi. Babbar riga kuwa a bar ta a masauki. Ni kaftani na sa, shi ma sai da mai injin ya nuna mini in tattare gefensa kafin in wuce kusa da giya.